Wace Ce Yarinyar Da 'Ya'yanmu Ke Zanawa? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Iyayen Ƙungiyoyin Mata Da Malaman Zane A Makka Da Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena Hajiyoyi da ke riƙe da ƙungiyoyin matan Hausawa a Makka da Jidda, da yayyena malamai masu koyar da zane a makarantun 'yan mata da darussan yamma, ina gaishe ku gaisuwar 'ya ga iyayenta. Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan mutane.

Ni 'yarku ce. A Shara Mansur ta Makka aka yanke min cibiya, a Jidda nake aure, sana'ata lalle. Da yawa daga cikinku kun taɓa zaunar da ni gaban 'ya'yanku ranar ƙunshi, na riƙe hannuwansu tun la'asar har dare ya raba. Wadda ta riƙe hannun yarinya tsawon wannan lokaci takan ji abin da uwarta ma ba ta ji ba, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana. Na zaɓi in yi ta a fili ne kuma saboda a zauren WhatsApp, kafin a gama karanta abu katin biki da sanarwar rasuwa sun binne shi.

Bari in fara da abin farin ciki, kada a ce ƙorafi zalla na kawo. 'Yan matanmu na yanzu sun iya zane, iyawar da mu ba mu ko kama ƙafarta ba. A zamaninmu darasin zane bai wuce tulu da bishiyar dabino da jirgin ruwa ba, in kuwa yarinya ta yi ƙarfin hali ta zana mutum, abla, wato malama, ta sa ta ja masa layi a wuya. Yau 'yar shekara goma sha uku ta san inuwa, ta san inda haske ke sauka a kan ƙyalle, ta san yadda ake sa ido ya yi ƙyalli. Ba mu muka koya mata ba. YouTube ne da TikTok da Pinterest, da manhajojin zane irin su ibisPaint da take buɗewa a wayar uwarta in gida ya yi barci. Duk mai cewa waya ba ta kawo wa yaran nan komai ba sai lalacewa, bai taɓa buɗe littafin zanensu ya duba ba.

To ni na duba. Na duba na 'ya'yan maƙwabta, da na ƙannen amare da ke zaune suna jiran a zo kansu, da na waɗanda suka shiga gasar da kuka shirya a istiraha, gidan da ake haya don taro, bayan ƙaramar Sallah, inda kuka ce kowace ta zana kanta. Yarinya ɗaya nake ta gani. Hannuwa daban, gidaje daban, wannan a Misfala ta Makka waccan a kudancin Jidda, ba su ma san juna ba, amma yarinya ɗaya suke zanawa. Idanunta sun cinye rabin fuska. Hancinta ɗan ɗigo ne, ko siririn layi. Haɓa mai tsini, ƙaramin baki, kumatu da ɗan ja-ja har kan karan hanci kamar mai mura. Gashinta na zuba har gadon baya, in kuma an sa mata mayafi, an bar silalla biyu suna leƙowa ta goshi. A hannunta kofin gahawa mai ƙanƙara, a gefenta kyanwa ko fure ko gajimare. Fatarta fara sol, in an rage a ce ruwan alkama mai haske. Ki tambayi mai zanen wace ce wannan, ta ce miki ita ce.

Wannan yarinya ba jiya ta shigo gidajenmu ba. Mu da muka tasa a farkon shekarun 2000 mun san uwarta. Tashar Spacetoon ta fara a shekarar 2000, ta kasa shirye-shiryenta duniya-duniya, ta ware Zumurruda ta ce ta 'yan mata ce kaɗai. Zanen Japan ne aka juya zuwa Larabcin fusha a Dimashƙa, kuma da yawanmu a gabansa muka gyara Larabcinmu kafin makaranta ta gyara. A 2003 aka fito da 'yar tsana Fulla, da abayarta da dardumar sallarta, iyaye suka yi ta murna an samu madadin Barbie. An canja sutura, an canja ɗabi'a, amma fata da hanci da gashi ba su matso kusa da namu ba, kuma ba wanda ya ga abin magana a ciki.

Daga baya Saudiyya kanta ta saki jiki. An dawo da gidajen silima a Afrilun 2018. Mawaƙan BTS na Koriya ta Kudu sun yi wasa a filin Sarki Fahad na Riyad a Oktoban 2019, 'yan matan Blackpink suka biyo baya a Janairun 2023. Kamfanin Manga Productions na gidauniyar Misk yana yin zane irin na Japan da labaran Larabawa, har ya haɗa hannu da Toei ta Japan suka fitar da fim a 2021. Abin da yarinya ke yi a ɓoye a bayan littafin lissafi ya zama sana'ar da ake ɗaukar ma'aikata a biya su albashi. Ba na ƙin wannan ko kaɗan. 'Yar Hausawa da ta ƙware a zanen manga tana iya cin abinci da shi a ƙasar nan, Allah ya ba ta sa'a.

Inda abin ya sauya shi ne zuwan filta. 'Yar tsana wata ce daban, a yi wasa da ita a ajiye. 'Yar Zumurruda tana cikin talabijin, mai kallo tana kan tabarma. Amma tun da Snapchat ya kawo filtar fuska a 2015, wadda yarinya ke gani a allo ita ce da kanta, tana motsi tana dariya, an rage mata hanci, an goge ƙuraje, an ƙara ido, an haska fata. Kun san matsayin Snapchat a ƙasar nan, masu amfani da shi sun haura miliyan 20, kuma 'ya'yanmu ta cikinsa suke ɗaukar hoto, ba sa ko buɗe kyamarar wayar. Akwai yarinyar da in kin bi wayarta kaf ba za ki samu hotonta ɗaya da ba a taɓa ba. Ranar da ta ga kanta a katin shaida ko a iƙama, katin izinin zama, sai ta ce hoton ya ɓata ta.

Masu ƙera abin sun san da haka. A 2017 masu manhajar FaceApp sun fito sun ba da haƙuri saboda filtarsu ta ƙara kyau tana faranta fatar baƙaƙe, suka ɗora laifin kan hotunan da aka horar da na'urar da su. Wato an tara mata fuskoki, akasarinsu farare, ta haddace cewa kyau ke nan. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, jaridar Wall Street Journal ta buga. A ciki binciken kamfanin da kansa ya nuna kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata matasa sun ce in suna jin ba sa son jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. A farkon 2023 TikTok ya saki filtar Bold Glamour, wadda ko an shafa hannu a fuska ba ta gocewa, sai a ƙarshen 2024 kamfanin ya sanar zai taƙaita irin waɗannan filtoci ga 'yan ƙasa da shekara 18. 'Yan matan Amurka da Ingila ke nan ake magana a kansu a binciken nan na Facebook. Ina ga tamu, wadda filta ke nuna mata cewa har launinta da hancin kakanninta abin gyara ne?

Sai kuma yadda wayar ke raba yabo. Yarinya ta ɗora zanen da ya yi kama da abin da ake yayi, ya zagaya, baƙi su yi ta tura mata zuciyoyi. Ta ɗora na ƙanwarta da kitson shuku, ƙawayenta na kusa kaɗai su danna, shi ke nan ya nutse. Ba sai an yi mata huɗuba ba, gobe ta san wanda za ta zana.

Akwai wata yarinya da ke zuwa wurina koyon lalle, 'yar makarantar mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare. Baƙa ce mai sheƙi, in ta ɗaura atamfa ruwan lemo sai an waiga. Ta nuna min yadda take zana kanta a iPad. Ta ɗauko hotonta na Snapchat ta shimfiɗa a ƙasa, ta rage masa ƙarfi ya yi dishi-dishi, ta ɗora wani shafi a kai ta bi layin da alƙalami. Da aka zo fenti ba ta haɗa launi ba. Akwai wani ɗan abu a manhajar mai tsotso launi daga hoto, ta ɗora shi a kumatunta na cikin hoton, daidai inda filta ta fi haskawa, ya tsotso, ta zuba wa fuskar gaba ɗaya. Ban ce komai ba, na kamo bayan hannunta na ajiye a gefen allon. Ta kalli hannun, ta kalli allon, ta yi dariya ta ce, "Khala, ai in na sa wannan launin zanen duhu zai yi, ba za a ga jan kumatun ba." Gaskiya ta faɗa. Salon da ta koya a kan farar fata aka gina shi: jan kumatu, inuwa ruwan hoda, haske daga farin takarda. Duk darussan da ta kalla babu wanda ya nuna mata yadda ake fitar da haske a kan baƙar fata. Ban ga ƙin kai a idonta ba, iyakar abin da hannunta ya iya ke nan. Tsorona shi ne hannu in ya daɗe yana maimaita abu, zuciya takan bi shi.

Akwai kuma salon da 'ya'yan gidajen da ake tsanantawa suka fi so, zanen da ba fuska. A zana mace da mayafinta da abayarta, a bar wurin ido da baki fayau. Ya dace da abin da ake yayi a Instagram, ya kuma kauce wa saɓanin malamai kan zanen mai rai, saɓanin da na bar wa masu shi. Abin da na lura da shi kawai, an cire ido, an cire hanci, an cire baki don tsoron Allah, amma fayau ɗin da ya rage fari ne. Babu fatawar da ta ce a yi haka. Zanen da ba abin da ya saura na mutum a cikinsa sai launinsa, launin ma aro aka yi, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Iyayena, a nan sai kun yi min afuwa, don maganar za ta shigo tsakar gida. Waya da halinmu ta tarar da mu. Wa ke leƙa kunnen jaririya ranar suna don ya gano ko za ta rine? Wa ke cewa "baƙa ce, amma tana da kyau"? Wa ke fara yabon amarya da "fara tas, kamar Balarabiya" kafin a ce uffan kan hankalinta? Yaran suna gefe suna ji. Suna ganin robobin haɗin bilicin, khalɗar nan da ake tallarta a Snapchat ba suna ba tambari, wadda hukumar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta sha gargaɗi a kanta saboda makuri da kotizon. Ni ke riƙe hannuwan amaren nan. Ina ganin gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin a kan farin hannu, ina ganin fatar da ta yi laushin da ko lalle ba ta iya ɗauka sai ta yi zafi.

A sana'ata ma yarinyar cikin waya ta iso. Amarya ta zo da hoto daga Pinterest, farin hannu da siririn zane, ta ce irin wannan take so. In na ce a fatarki jan lalle cikakke, wanda ya kwana ya kama, shi zai fi fitowa, sai ta ce ai wannan na tsofaffi ne. Daga nan a koma baƙin dayis don zanen ya fito a hoto, alhali sinadarin PPD da ke cikinsa na rinin gashi ne, yana ƙona wasu ya tayar musu da ƙuraje, tabon ya zauna da siffar furen da aka zana. Na sha mayar da ciniki a kan wannan, a tafi wurin wata a yi.

Ku dubi 'yan'uwansu maza. Yaron Bahaushe a Makka ya kunna talabijin a 2018 ya ga Hausawi uku a tawagar ƙasar da ta je gasar cin kofin duniya a Rasha, Usama da Umar da Mu'utaz, Usama ma shi ne kyaftin. In ya zana baƙin ɗan ƙwallo bai ji ya yi wani abin a zo a gani ba. Yarinya fa? Akwai waɗanda za ta kalla, ba a nuna mata su ne. Akwai marigayiya Itab, 'yar dangin Hausawi, cikin matan farko da suka yi fice a waƙa a ƙasar nan, ta rasu a Alƙahira a 2007, kuma a 2017 Google ya ɗora zanenta a shafinsa na farko. Na san wasunku ba sa son sana'arta. To ga Nawal Hausawi 'yar Makka, mai lasisin tuƙin jirgin sama kuma mai ba da shawara kan zaman iyali, wadda aka goranta wa bauta a bainar jama'a ba ta haɗiye ba, ta kai ƙara. 'Yan matan da ke jiran lalle a ɗakina sun san sunayen 'yan Blackpink huɗu har da ranakun haihuwarsu. Waɗannan biyun ba su taɓa jin labarinsu ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A gasar nan, kyautar farko ta tafi ga wani zane mai tsafta ƙwarai, an yi shi a iPad an buga a takarda mai sheƙi: yarinyar nan dai, da kofinta. Mai zanen ta yi ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Amma can ƙarshen bango, kusa da inda aka tara takalma, akwai wani zane na fensir mai launi a takardar littafi. Tsohuwa ce zaune a kan kwali a bakin titi, ta gefen baya aka zano ta. A gabanta faranti da ƙullin gyada da aya da goruba. Mayafinta ya zame ana ganin bakin ɗankwalin atamfa. Ƙafarta ɗaya ta fito daga silifa, dunduniyar duk faso, da tsohon lalle da ya koɗe. Hannun ya fi ƙarfin jikin girma, farantin ya karkace. Yarinyar ta danne fensir har takardar ta huje a wuri ɗaya, domin a kwalin fensir goma sha biyu ruwan ƙasa ɗaya ne tak, ta yi ta maimaita shi tana haɗawa da baƙi tana neman launin kakarta. Aka ce ba ta bi umarni ba, an ce ta zana kanta ta zano wata. Wata daga cikin masu dubawa ta ƙara da cewa irin wannan hoton ne ke sa a raina mu.

Wannan magana ce ta tsaya min a rai. Na san inda ta fito. Mun sha "takruni", gorin da ake yi wa 'yan asalin Afirka ta Yamma, a bakin yara a titi, mun san kallon da ake yi wa mai tallar gyada, kuma kowace uwa na son 'yarta ta wuce nan. Amma da kuɗin wannan farantin aka biya hayar ɗakunan da aka haife mu, aka sayi littattafan da wasunku suka zama malamai da su. Duk bangon nan, wannan yarinya kaɗai ce ta kalli wani abu da idonta ta zana, sauran zanen wasu suka kalla. Ranar ta koma gida da darasin da kuka ba ta, ko ba ku yi niyya ba, cewa abin da ke gidansu bai kai a zana ba.

Mutanen ƙasar nan ba haka suka yi da nasu ba. Safiya Binzagr, Allah ya jiƙanta, an haife ta a tsohuwar Jidda a 1940, ta yi karatu a Masar da Ingila, ta dawo ta tarar garin da ta sani yana ɓacewa. Sai ta bi tsofaffi tana tambaya, yaya ake ɗaura wannan, yaya ake zaman wancan biki, ta zana bukukuwan aure da wasannin yara da masu sana'a da suturar mata. A 1968 ita da Munira Musalli suka baje zanensu a wata makarantar 'yan mata a nan Jidda, lokacin garin ba shi da ɗakin baje zane. Zanenta na 1969, Zabun, mace ce zaune cikin suturar Hijaz, yau shi ake yi wa kirari da Mona Lisar Hijaz. Ta rasu a Satumban 2024, ta bar gidan adana zanenta da tarin tufafin da ta tattara. A yankin Asir, zanen bangon da mata ke yi wa ɗakunan baƙi, layuka da kusurwoyi ba mai rai ko ɗaya, ya shiga jerin gadon al'adu na UNESCO a 2017. Lalle ma ya shiga a Disamban 2024 da sunan ƙasashen Larabawa 16, har da Saudiyya da Sudan. Ko a wayar akwai wata hanya: Fati Abubakar 'yar Maiduguri ta fara ɗora hotunan mutanen Borno a Instagram a 2015, 'yan makaranta da amare da 'yan kasuwa, lokacin da duniya ba ta jin komai game da garin sai bam.

Mu namu ya fi gaggawa. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni sama da 60 a Jidda, ciki har da Karantina da Sabil da Gulail da Bitrumin da Hindawiyya, inda Hausawa suka yi shekara da shekaru. Ba zancen rusau na zo yi ba, wannan ba hurumina ba ne. Abin da nake cewa, lungunan nan babu su, kuma ba mu ajiye su a takarda ba. Ina mai siriya, wato tsire, da hayaƙinsa bayan magariba? Ina matan da ke dakan fura a lungu? Ina ɗakin tsohuwa da jeren kwanukan da ta taho da su daga Kano? Kakanninmu wasu a ƙasa suka zo, ta Chadi da Sudan, suna yada zango su yi noma su tara guzuri su ƙara gaba, har su haye teku daga Sawakin. Wasu zuriyar masu hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, danginsu na nan a Mai Wurno ta Sudan a bakin kogin Nilu. Masu wannan labari suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Jikokinsu kuma, waɗanda ba a taɓa yin masu hannun zane kamarsu ba a zuriyar, suna zana kofin gahawa.

Ba na roƙon a ƙwace waya. An gwada, yarinya ta ari ta ƙawarta, ta kuma daina nuna miki abin da take yi. Ba na roƙon a hana manga. Ta zana manyan idanun in tana so, amma ta iya ɗora su a fuska mai hancin gidansu da kitson kalaba.

Malamai, na farkon mai arha ne: launi. A 2020 kamfanin Crayola ya fitar da kwali mai launin fatar mutane iri 24, kuma kuɗin da ake kashewa kan balo-balo da kwalliyar istiraha ya isa a sayi irinsa. Abin da ya fi shi, ku koya musu haɗawa. Ja da rawaya da ɗan shuɗi suna ba da ruwan ƙasa iri-iri. Inuwar baƙar fata ba baƙi ake lafta mata ba, shuɗi mai duhu ko shunayya ake sa wa. Haskenta a goshi da karan hanci da saman kumatu yake sauka, wani lokaci da ɗan shuɗin sama a cikinsa. Darasin yini ɗaya ne. Sannan a ajiye madubi a gabansu, na gilashi, waya tana cikin jaka, kowace ta zauna da fuskarta rabin sa'a. Za su yi ta dariya, wasu za su ƙi, wata ma za ta yi hawaye, a bar ta ta share ta ci gaba. Wadda gidansu ba a yarda da zanen fuska ba ta zana hannunta na hagu, ko ƙafar ƙanwarta, ko kitso ta ƙeya. Shuku kaɗai, in aka ce a bi tsagarsa daidai, ya isa aikin wata guda.

Ku kuma fita da su. Gidan Safiya Binzagr na nan. Cibiyar fasaha ta Hayy Jameel da aka buɗe a Jidda a 2021 na nan. Babban baje kolin fasahar Musulunci da aka fara a 2023, a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda ake yin sa, ƙarƙashin rumfar da baƙinmu daga gida ke sauka. Yarinyar da ba ta taɓa tsayawa gaban zanen da ya fi ta tsawo ba, duk abin da ta sani bai wuce girman tafin hannu ba, kuma ɗan yatsa ke ture shi a zo na gaba.

Lalle ma ku shigo da shi aji a matsayin zane. A cikinsa akwai ma'auni, akwai daidaita dama da hagu, akwai sanin inda za a bar fili, kuma ba a gogewa in an yi kuskure. Mu masu yin sa a shirye muke mu zo ba ko riyal, mu nuna na salatif, da na Sudan mai manyan furanni, da na da wanda ake ɗaure hannu a zunguru. In za a sake gasa kuwa, a sa sharaɗin zana abin da aka gani da ido, a kuma sa cikin masu dubawa wadda ta san wahalar fitar da dunduniya mai faso da fensir ɗaya. Tsaftar layi ba abin alfahari ba ce yanzu, manhaja na miƙe karkataccen layi da kanta.

Iyayena Hajiyoyi, naku ya fi wuya, don ku za ku zauna a zana. Na san abin da za ku ce: me za a zana a jikin tsohuwa, ku bari in sa abaya tukuna, ku bari in canja wannan zanin. A'a, a hakan ake so. Ku buɗe akwatunan ƙarfen nan, ku fito da zanin saƙi da warwaro da tandun kwalli da faifan da ya tsallako teku, ku bar jikokinku su taɓa, su tambaya, ku faɗa musu a wane zango aka saya. Wadda ba ta son a zana fuskarta ta ba da hannu, ko ta juya baya. A ware yammacin Asabar ɗaya a wata, ana zagayawa gida-gida, 'yan mata su zo da littattafansu, a dafa shayi. Duk abin da aka zana a rubuta a bayan takardar sunan mai shi, da garin da ta fito, da shekarar da ta iso, ƙungiya ta ajiye kwafi. Kada kuma a ɗora na kowa a intanet sai da yardarta da ta 'ya'yanta.

Fensira da takardun zaman farko ni zan kawo. Wadda ta amince a fara da gidanta ta sanar da shugabar ƙungiyarsu, saƙon zai iso ni. In na faɗi abin da ya yi zafi, 'ya ce ta faɗa wa iyayenta, a yafe min.

Wassalamu alaikum.

'Yarku mai lalle,
Jidda.